Zarton da Na Koya wa Tattali

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa zarto azumi a gaban jama'a, 'yata kuma tana tsaye tana kallo.

Ni bakanike ne. A Maradi ina da garejin moto, wato babur, a gindin wani dogon yaro, kuma tun da safe 'yan kabu-kabu ke yi mini layi. Ba don na fi kowa iya ɗaure noti ba. Abin da na iya shi ne hana inji shan esansi, wato fetur. In na taɓa maka karbirato, sai ka yini kana yawo tanki bai san ka fita ba. "Malam, a rage mata ci," haka suke cewa, ni kuwa in rage. Shayi ma kawo mini ake yi ban tambaya ba.

Nan Faransa babu wanda ya san wannan. Na yi shekaru a La Courneuve ina wanke tukwane a gidan abinci. Da muka koma Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, na samu aiki wurin wani tsohon Bature, Marsel, mai gyaran injin yankan ciyawa da zarton sare itace. 'Yata kuwa (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Inna nake ce mata) tana karatun injiniya a Villeurbanne. Yarinyar kirki ce, amma in na yi mata Hausa, da Faransanci take amsawa, in ƙawayenta sun tambayi aikina kuma sai ta ce ina taimakawa a wani shago. Ba laifinta ba ne. Ba ta taɓa ganin layin nan na gindin dogon yaro ba.

Marsel yana da wani hauka. Sai ya ciro injin moton tsere, ya ƙera masa mariƙi, ya ɗaura masa doguwar sarƙa mai haƙora, ya zama zarton da ƙato ke ɗauka da nishi. Da shi yake zuwa gasa a ƙauyukan kan dutse: a ja igiya, a yanko faifai uku daga gungume, wanda ya riga gamawa ya ci. Wata huɗu muna haɗa na wannan shekarar. Ranar da injin ya fara tashi, warin hayaƙinsa ya bugi hancina, wallahi sai da na waiwaya ina neman mai shayi.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, cin injin. Ka zuba esansi, ka ƙifta ido, babu. A wurina wannan ciwo ne, maganinsa kuma yana hannuna. Ana gobe gasa, Marsel ya fita cin abincin rana, na buɗe karbirato na cire jiklar (ɗan ƙarfen nan mai huda da esansi ke bi) na sa ƙarami. Ban faɗa masa ba. So nake in ya ci gasa ya leƙa tanki ya ce aikin wa ke nan, ni kuma in ɗan yi gyaran murya a gaban Inna.

Ta zo, har da ƙawaye biyu. Na sa sabuwar riga. Da mai lasifika ya kira Marsel, ya nuna ni ya ce ga bakanikensa, jama'a suka tafa. Na saci kallon Inna, tana ɗauka da waya.

Aka busa usur. Namu ya tashi da kuka mai daɗi, ya shiga gungume, ya kai rabin faifan farko, ya yi tarin tsofaffi, ya yi shiru. Irin wannan inji man da ke hana shi ƙonewa a cikin esansinsa yake, in ka hana shi sha ka hana shi mai. Na sani sarai. Na dai manta cewa ɗan kabu-kabu ba ya murɗa wuta har ƙarshe. Fistan ya ƙone.

Nan take Marsel ya buɗe karbirato, ya ɗaga jiklar sama kowa na gani.

"Wa ya sa wannan?"

Na ɗaga hannu kamar ɗan lakkol a aji.

"Don me?"

A nan Faransancina ya ƙare. Sai na yi da Hausa, Inna tana fassarawa, tun daga layin 'yan kabu-kabu har zuwa tattali. 'Yar da na kira ta ga darajata, ita ta raba wa mutane kunyata kalma kalma.

"Tattali?" in ji Marsel. "Injin da aikinsa duka bai kai numfashi uku ba?" Wani mai ƙaton tumbi ya yi dariya har ya zauna kan gungume.

A hanyar komawa na kafa ido a taga. Can sai na ji ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, da gaske layi ake yi maka?" Na fara ba ta labari, ban gama ba har muka shiga Lyon.

Marsel bai kore ni ba, amma akwatin jiklar yanzu da kwaɗo yake. Bayan mako ɗaya Inna ta turo 'yar motonta ƙofar shago, ta gyara tsayuwa ta ce, "Malam, a rage mata ci."

Na rage. Yanzu dai kafin in taɓa inji sai na tambaya ko tafiyar nesa zai yi ko ta gaggawa. Layina ya dawo, mutum ɗaya ne a ciki, kuma har yau ba ta san ana kawo shayi ba.