Yadda Za Ka Jona Waya da Rediyon Motar Surukinka Ba Tare da Ya Roƙe Ka Ba

Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi maka alkawari: kafin a fito da talotalo daga murhu, kiɗan da ke cikin wayarka zai riƙa fita garau ta rediyon tsohuwar motar surukinka. Hanyar nan ba ta ƙi. Na ga aikinta da idona ranar bikin Godiya, wanda dangi ke taruwa a ci talotalo a ƙarshen kaka, a gidan mahaifina, Norbert Pagel, can bayan garin Wausau. Malamin da na ɗauki karatun a wurinsa kuwa shi ne Trent, mijin ƙanwata Colleen, mutumin da bai taɓa ganin abu yana zaune lafiya ya ƙyale shi ba.

Mataki na 1: Nemo matsalar da babu mai ita

Kada ka jira a kira ka. Wanda ake kira ɗan aike ne, kai kuwa mai hangen nesa ne. Shiga motar surukinka sau ɗaya, ko da a hanyar sayo madara ce, ka dubi rediyon da ta zo da shi tun daga kamfani, ka girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da bai so ba. Sannan ka ce, "Haba Norb, babu ko ramin soka waya a nan? A wane zamani kake rayuwa?"

Lallai ka kira shi Norb. Abokan farautarsa ne kawai ke kiransa haka, kai kuma ba ka taɓa ganin barewa ba sai a jikin allon gefen titi, amma tunda ka auri 'yarsa ai kun zama tsara.

In ya ce, "Rediyon nan lafiyarsa ƙalau, ƙyale shi," to ka gane kawaici yake yi. Tsofaffi ba su iya roƙo ba.

Mataki na 2: Toshe kunnenka daga tarihin agogo

Wannan matakin shi ne ginshiƙi, in ka kuskure shi aikin duka ya rushe.

A jikin rediyon akwai ɗan agogo mai koren haske, kuma duk lokacin sanyi yana gaba da awa guda. Kowa a gidan ya san dalili. Sau biyu a shekara muke taɓa agogo a ƙasar nan, da bazara a tura shi gaba, da kaka a dawo da shi. Baba bai taɓa iya saita na motar ba, Mama Arlene ce ke yi masa, tana yi tana yi masa tsiya cewa mutumin da ke kwance injin tarakta ya kasa maɓalli biyu. Shekarar da ta rasu ta tura shi gaba da bazara, ba ta kai kaka ba. Tun daga nan yana nan inda yatsanta ya bar shi. Ko lokacin da za a canza batirin motar, sai da Baba ya tsaya a kan makaniki ya jona wani ƙaramin batir na wucin gadi, don kada hasken agogon ya ɗauke ko na ƙiftawar ido.

Za a ba da labarin nan a gabanka. Matarka za ta faɗa maka, yayarta za ta maimaita. Kai dai ka riƙa cewa "uhm, Allah sarki" idonka na kan waya, kana duba sakamakon ƙwallo. Ƙwararre ba ya cika kansa da labaran iyali, yana bukatar wurin don ilimi.

Mataki na 3: Sayo kaya, ka yar da takardar bayani

Abin da za ka saya 'yar akwati ce baƙa da ba ta kai tafin hannu ba, da igiya biyu. Ɗaya tana shiga bayan rediyo, ɗaya tana shiga waya. Zaɓi mafi araha, wadda sunan kamfaninta ba ya karantuwa. Takardar da ta zo a cikin kwalin kuma ta ragwaye ce, jefa ta a shara.

Maimakon karatu, nemo bidiyon wani mai gemu da ya yi irin aikin a wata mota daban. Kalli rabinsa kana cin gyaɗa. In ka ji ya ce "a yi hattara a nan", tura gaba, surutu ne.

Mataki na 4: Zaɓi ranar da kowa ke da aikin yi ban da kai

Ranar Godiya ta fi. Mata na kicin suna fama da dankali da kek ɗin kabewa, surukinka ya miƙe ƙafa gaban talabijin, babu mai lura da kai. Zare makullin motar daga ƙusar da ke bayan ƙofa, ka ɗauki gwangwanin giya, ka nufi gareji da tafiyar mai sirri.

Wataƙila yayar matarka, wato ni, ta gan ka ta ce, "Trent, ina za ka da makullin Baba?"

Ka kashe mata ido ka ce, "Ke dai ki ji da miyarki, Gail. Kyauta zan yi wa tsoho."

"Kada ka taɓa masa rediyo. Ka ji ni ko?"

"Wa ya ce zan taɓa? Ƙara masa daraja zan yi."

Ita kuma matarka za ta ɗago daga kan tukunya ta ce, "Bar shi Gail, ƙila iskar taya zai duba." Ka gode wa Allah da ya ba ka mace mai kyautata zato.

Mataki na 5: Ɓalle gaban motar

Akwai wani ɗan siririn roba da aka yi musamman don ɓalle murfin gaban mota ba tare da an ji masa ciwo ba. Kai ba ka da shi. Yi amfani da wuƙar shafa man shanu daga cikin kayan tebur na biki, waɗanda marigayiya Mama ta saba fitowa da su sau ɗaya a shekara. Soka ta a gefe ka danna. Za ka ji ƙas. Wannan ba karyewa ba ce, robar ce ke sabawa da kai. Ci gaba har ka ji ƙas ɗin ta ko'ina.

Kwance ƙusoshin rediyon. Ɗaya za ta faɗa cikin ramin da ke bayan giyar mota, inda za ta zauna tana ƙara a kowace kwana har ƙarshen rayuwar motar. Kada ka damu, dama masu ƙera motoci suna sa ƙusoshi fiye da kima.

Jawo rediyon waje, ka cusa hannu bayansa kana lalube cikin igiyoyi. In ka ga ɗan tartsatsi, janye hannu da sauri, ka waiga ka tabbatar babu wanda ya ji ihun da ka yi.

Mataki na 6: Bi umarni guda ɗaya tak

Yanzu ne za ka tuna mai gemun nan ya ce a cire batir kafin a fara. A duk faɗin bidiyon, wannan kaɗai za ka yi wa biyayya. Buɗe bonet, ɗauki sifana, kwance kan batirin, ka ɗaga shi gefe.

Shi ke nan. Ɗan koren hasken nan da wani dattijo ya yi shekaru yana gadinsa ya mutu, kai kuma ba ka ma gani ba, don kana neman inda ka ajiye giyarka.

Mataki na 7: Jona, rufe, sannan ka ƙara da alheri

Soka igiyar a bayan rediyo, ka zaro ɗaya bakin ta ƙarƙashin wurin zuba tokar sigari, ka tura komai ciki da ƙarfi. Murfin ba zai zauna daidai ba tunda haƙoransa sun zube, sai ka buga masa hannu. Mayar da batir, ka tayar da mota.

Kiɗa zai fito. Zan faɗi gaskiya, aikin ya yi, sautin ma ya fita tas.

Agogon kuwa zai riƙa ƙyafta ido yana nuna sha biyu, sha biyu, sha biyu. A nan ne za ka nuna kai ba mai rabin aiki ba ne. Duba wayarka ka saita shi daidai da lokacin duniya, har minti. Ka jingina da kujera ka yaba wa kanka, don babu wanda zai yi maka.

Mataki na 8: Tara jama'a

Alherin da ba a gani ba asara ne. Shiga falo ka tafa hannu, ka ce kowa ya fito gareji, har da masu riƙe da ludayi. Kamo hannun surukinka ka zaunar da shi a kujerar direba, ka ƙure sauti, ka tsaya kana rawa da kafaɗa.

"Ka ji ko, Norb? Yanzu duk waƙar da ke duniya tana cikin motarka!"

Ba zai dubi igiyar ba. Wayarsa ma irin mai murfin nan ce, babu waƙa ko ɗaya a cikinta, amma wannan ba laifinka ba ne. Agogon zai zuba wa ido. In ka ga haka, yi maza ka karɓi ladanka:

"Au, ka lura? Na gyara maka shi ma. Awa guda cur yake gaba, ban san yadda aka yi duk gidan nan babu wanda ya gani ba."

 Matarka za ta ce, "Trent, me ka yi?" da wata murya da ba ka taɓa ji ba. Za ta zagaya ta shiga ta ɗaya ƙofar, ta kai yatsa kan maɓallin tana cewa, "Baba yi haƙuri, yanzu zan mayar da shi, awa guda ce kawai, yanzun nan."

Shi kuma zai riƙe mata hannu a hankali ya ce, "Bari, 'yata. In kin mayar, naki ne zai zama."

Zai ɗan ƙara zama yana kallon lambobin. Sannan ya kashe motar, ya zare makulli ya sa a aljihun rigarsa maimakon ya miƙa a mayar kan ƙusa, ya ce, "Mu je, abinci zai huce."

Ni a ranar na so in kwaɗa maka ludayin da ke hannuna, kuma har yau ina jin haushin da ban yi ba.

Mataki na 9: Ka zama kai aka yi wa laifi

A tebur, ka ci da yawa, aiki ka yi. In shirun ya dame ka, sunkuya wajen matarka ka raɗa mata, yadda kowa zai ji, cewa ko na gode babu wanda ya ce maka. Ka ƙara da cewa agogo ai agogo ne, kuma da an faɗa maka da ba ka taɓa ba. In yayarta ta ajiye cokali ta ce an faɗa maka, a wannan teburin, kana zaune a wannan kujerar, ka ce ba a faɗa da ƙarfi ba.

Sannan ka nemi a miƙo maka man shanu, ka shafa da wuƙar da ta lanƙwashe.

Sanarwa

Na yi maka alkawarin kiɗa, kuma kiɗa ya fito, don haka ni na fita. Ba ni da hannu a tafiyar da za ku yi zuwa gida matarka na kallon taga, ko a ƙusar bayan ƙofa da ba a sake rataya mata makulli ba. Kada ka kira ni, kada ka ce ni na koya maka.

In kuma kana son sanin yadda aikinka ke ciki, igiyar tana nan tana lilo, ba a taɓa soka mata komai ba. Bazara ta zo, duk ƙasar ta tura agogo gaba. Baba har yau bai iya saita na motar ba, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba. Yanzu yana baya da awa guda. Kowace Lahadi in zai kai wa Mama furanni a maƙabarta, lokacinka yake gani a gabansa.