Ranar da Dajin Ya Warke

A wani daji da ke bakin fadama, duk damina shamuwoyi kan sauka da ƙunshin magani daga hayin teku, na tarin fuka da na ciwon nan mai karya garkuwar jiki. Su zuba a kogon wata kuka, mai buƙata ya lallaɓa ya ɗauka, ba mai ganin wani. Can Bushiya ke ɗebo wa 'yarta na tari. Wata shida ake shan sa, yarinyar ta yi huɗu.

Rannan Gwaggon Biri, shugaban majalisa, ya miƙe ya ce, "Jama'a, baƙi su keto teku, mu kuma mu ɓoye alherinsu a kogo? Daga yau a dandali za a raba, da kiɗa. Zabo zai kira kowane majinyaci da sunan ciwonsa, baƙi su ga muna da godiya."

Aka yi tafi. Bushiya ta ɗaga kai. "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Wanda aka kira sunansa yau, gobe wa zai sha ruwa kusa da shi a tafki?"

"Kai, Iya, ke komai sai kin tona," in ji Dila magatakarda. "An riga an yi tafi."

Ranar rabo Zabo ya ƙwala kira, ba wanda ya motsa. Bushiya ta bi fuskoki da kallo, ta ga abin mamaki: rabin majalisar na danne tari har idanunsu na hawaye. Ita ma ta yunƙura, ta tuna bakin maƙwabta, ta koma ta naɗe.

"Ina marasa lafiyar?" in ji babbar shamuwa.

Gwaggon Biri ya haɗiye nasa tarin. "Albarkacinku, duk sun warke."

"Madalla! Dajin gabas na jiran mu." Suka shiga ɗaure ƙunshi.

Nan Bushiya ta warware. "Ku dakata, baƙin alheri. 'Yata na tari, saura mata wata biyu."

Aka auna mata na mutum ɗaya cif, shamuwoyi suka tashi da sauran. Waɗanda ke zaune kusa da ita suka ɗan matsa.

Tun daga ranar, gidan Bushiya kaɗai aka sani da tari a dajin. Yarinya ta shanye maganinta, kuma yanzu gidan kaɗai ne ba a jin tari a cikinsa.