Ranar da Na Zagi Izi a Falon Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Unguwar Boro ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Har yau idan ina wanka abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi ni kaɗai, kamar wanda ya taka ƙusa.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun karɓi mulki, kowa a gari ya zama mai ra'ayi. A bas ra'ayi, a teburin mai shayi ra'ayi. Ni ma ina da nawa, sai dai ba a kan siyasa ba, a kan gem, wato wasan da ake bugawa a allon talabijin. Ina aikin akawu a wata ma'aikata, ina haya a Kakuri, kuma da an tashi aiki sai shagon gem. Ƙwallo da dambe nake bugawa, kuma ba laifi, na iya. Amma abin da aka fi sanina da shi a shagon baki ne. Idan aka sa gem ɗin ban tsoro, irin mai fatalwa da dodanni, ni ne mai ba da shawara daga baya: "Harbe shi! Bi hagu! Kai, ba ka iya ba!" (A bakin ƙofa nake tsayawa. Na ce musu saboda iska ne.) Ban taɓa riƙe hannun gem, wato abin dannawar, a irin wannan wasan ba, kuma ba wanda ya lura, don surutuna ya rufe komai.

A lokacin ina neman Rifkatu. A ƙungiyar mawaƙan coci muka haɗu, tana koyarwa a firamare, iyayenta mutanen Filato ne. Wata rana ta ce mini babanta, Baba Yohanna, yana son ganina ranar Lahadi bayan sujada. Ta ce tsohon soja ne, ya yi rashin lafiya bara amma ya samu sauƙi. Sai ta ƙara da cewa, "Don Allah kada ka cika surutu." Na ji haushin wannan maganar, na ce mata ni ba yaro ba ne.

Na isa da rana tsaka, cikin rigar da na goge har ta kusa ƙonewa. Mama ta karɓe ni da fara'a, ta ce Baba yana ɗan hutawa a ɗaki, ita da Rifkatu suka shiga kicin. Aka bar ni da yayan Rifkatu, Ishaya, wanda ke aiki a masaƙa, mutum mai shiru-shiru. Mun gaisa, mun yi maganar zafi, mun yi maganar tsadar mota, magana ta ƙare. Sai idona ya faɗa kan wani abu a ƙarƙashin talabijin, an lulluɓe shi da ɗan kyalle mai ado irin wanda ake rufe rediyo. Na'urar gem ce.

"A'a! Ashe kai ma ɗan hannu ne?" na ce.

Ya yi murmushi, ya ce tun da akwai wuta bari ya kunna mu rage lokaci. Faifan da ke ciki na ban tsoro ne. Labarin wani mai gyaran lantarki ne da aka kira wani tsohon otal, ya je ya tarar ba kowa, ƙofa kuma ta rufe a bayansa. Kafin a fara, allo ya kawo zaɓi: mai sauƙi, matsakaici, ko mai wuya. Mu a shago izi da nomal da had muke cewa. Ishaya ko tunani bai yi ba, ya danna izi.

To a nan ne shaiɗan ya ja kujera ya zauna a kan harshena.

"Haba Ishaya! Izi? Da girmanka?" na ce. "Ai gem ɗin tsoro a izi ba gem ba ne. An cika maka aljihu da harsashi, dodon yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ya cije ka kamar sauro ya cije ka. To ina tsoron yake? Ni da ni ne mai yin gem, da cire izin nan zan yi gaba ɗaya. Wanda ba zai iya ba ya je ya yi ludo."

Ishaya ya yi tari. Ban kula ba.

"Ina gaya maka, duk wanda ka ga yana buga izi, ko dai rago ne ko kuma hannunsa ya mutu."

Ishaya ya sake yin tari, wannan karon yana kallon bayana. Na waiwaya. Wani dogon dattijo ne tsaye a bakin labule, cikin farar riga da farin wando na zuwa coci, da ɗan tawul rataye a hannunsa na dama. Na zube ƙasa na gaishe shi. Ya amsa a hankali, ya tako ya zauna a kujerar da ke gefena, ya shimfiɗa tawul ɗin a cinya ya rufe hannun.

"Ci gaba da bayani, ɗana," ya ce. "Ina saurare."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ga dama ce ta samu in burge tsohon soja. Na gyara zama.

"Baba, ku da kuka yi aikin soja, a filin daga akwai izi?"

"Babu," ya ce.

"To kun gani! Matsalar zamanin nan ke nan. Tun da farar hula suka hau, kowa so yake a sassauta masa. Har tsoro ma so ake a rage wa mutum."

Ya gyaɗa kai kamar mai nazari. Sannan ya ce, "Ishaya, ba shi hannun. Sa masa mai wuyar, mu ga yadda maza suke yi."

Na so in ce yatsana na ciwo. Na so in ce ranar Lahadi ba na wasa. Na roƙi Allah a zuciya a ɗauke wuta (a unguwar da ba a yini da wuta, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba). Ishaya ya miƙo mini hannun gem, yana kallona da tausayi irin wanda ake yi wa akuyar Kirsimeti.

Ashe kallo daga bakin ƙofa daban, riƙe abin daban. Na shiga otal ɗin da tocila mai raunin batir da ƴar bindiga. Ba kiɗa, sai ɗigar ruwa da wani numfashi da ban san daga ina yake fitowa ba. A waje rana ce ƙwal, kaji na kuka, rediyon maƙwabta na waƙoƙin yabo, amma ni bayana ya jiƙe sharkaf. Labule ya motsa a cikin gem ɗin, na harbe shi. Na ga wani abu tsaye a lungu, na zazzage masa sauran harsashin. Da na matsa kusa sai na ga kwat ce a rataye.

"Ka kashe kwat," in ji Baba, ba tare da ya yi dariya ba.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu, ta zauna a kujerar da ke can gefe don ta ga gwanin da ake magana. Na shiga wani ɗakin kwana. Akwai kabad babba a ciki, ƙofarta a ɗan buɗe. Na san abin yana ciki, kowa ya sani. Na matsa a hankali, na riƙe numfashi, na buɗe. Wayam. Na saki ajiyar zuciya, har na samu bakin cewa, "Kun gani, Baba, abin natsuwa ce kawai." Na juya mutumin nawa don mu fita.

Yana tsaye a bayana. Dogo, wuyansa a karye, bakinsa a ɗinke, fuskarsa ta cika talabijin.

A daidai wannan lokacin Rifkatu, wadda ta shigo ba takalmi ban ji tafiyarta ba, ta sunkuyo ta kafaɗata za ta ajiye jug ɗin zoɓo mai ƙanƙara a kan tebur. Gindin jug ɗin ya taɓa mini wuya.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. A ƙungiyar mawaƙa cikin masu babbar murya nake, amma abin da ya fito daga bakina ko ƴan mata ba sa kaiwa can. "Wayyo Mamana! Ya kama ni!" Hannuna ya tashi sama ya doki jug. Ban ga sauran ba, don lokacin da hankalina ya dawo, na tsinci kaina a tsugune a bayan kujerar Mama, na riƙe gefen zaninta da hannu biyu.

Na leƙo. Baba na zaune inda yake, bai motsa ba, zoɓo na gangarowa daga kafaɗarsa har gwiwa. Farar rigar nan ta koma ja. A talabijin kuma ana cin mutumina ana gurnani.

Ina ma a nan abin ya tsaya. Sai ga ƙofa an banko, wata maƙwabciya ta faɗo da muciya a hannu, mijinta na biye da singileti.

"Baba ne? Ya sake faɗuwa? A nemo mota?"

"Ba ni ba ne, Maman Talatu," in ji Baba. "Baƙonmu ne yake buga had."

Kalmar "sake" ɗin nan ce ta fara tsaya mini a rai. Baba ya ɗauke jiƙaƙƙen tawul daga cinyarsa ya miƙa wa Rifkatu. A lokacin na ga hannun. Ya rame, yatsun sun lanƙwashe ciki, babban yatsan ne kawai ke ɗan motsi. Rashin lafiyar da Rifkatu ta ce ya yi, ashe shanyewar ɓarin jiki ce.

Ya sa hannun hagu ya ɗauki hannun gem daga ƙasa, ya ɗora a gwiwa, ya kama hannunsa na dama ya aza a kai kamar mai ajiye ƙwai. Ya koma farko, ya danna izi.

"Gem ɗin nawa ne, ba na Ishaya ba," ya ce, idonsa na kan allo. "Likita ya ce in riƙa motsa yatsun. Sun ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, na gaji da ita. Shi ne yaron nan ya samo mini wannan. Na gwada mai wuyar. Kafin yatsana ya kai kan maɓalli an cinye ni. A wannan kuwa, abin yana ɗan jira na." Ya shiga ɗakin kabad ɗin, ya juya, dodon ya bayyana, sai na ga kafaɗarsa ta zabura. Ya danna a hankali, ya sake dannawa, abin ya faɗi. "Ka gani, tsoron yana nan, ba a rage mini ko kaɗan ba. Ni dai so nake in ga yadda mutumin nan zai fita daga otal ɗin." Sai ya juyo ya dube ni. "Hannun bai mutu ba tukuna, ɗana. Tafiya dai yake a hankali."

Da ƙasa za ta yarda ta buɗe a lokacin, da na shige har da godiya. Na rarrafo daga bayan kujera na durƙusa a gabansa, cikin zoɓon, na ce, "Baba, ku yafe mini. Ban sani ba."

"Tashi, kada ka ɓata wando," ya ce. "Ihu ba komai ba ne. Na ga manyan mutane masu anini a kafaɗa sun yi wanda ya fi naka. Sai dai su ba su fara yi mana lacca ba."

Maƙwabta suka fita suna riƙe ciki don dariya. Aka kawo tuwo da miyar kuka, na ci kaina a sunkuye. Rifkatu ta raka ni bakin titi, muka tsaya jiran bas.

"Ihun bai dame ni ba," ta ce. "Maganar hannun ce, daga kicin na ji ka. Ka san watannin da ya yi ko cokali ba ya iya riƙewa?"

Na hau bas na tafi, na tabbata magana ta ƙare. Na daina zuwa koyon waƙa, shagon gem ma na ƙaurace masa. Idan na hango mai farar riga a titi sai in sauya hanya.

Ana nan sai ga Ishaya a ofishinmu. Ya ce Baba ya aiko shi. Wai ya kai wani wuri a ƙarƙashin otal ɗin da ba ya son shiga shi kaɗai, Mama ta ce ita ba ruwanta, shi Ishaya kuma yana aikin Asabar. Wai in zo, amma in ci abinci a gida, don ba za a kawo abin sha kusa da ni ba.

Na je. Muka riƙa zama duk Asabar da yamma, ni da shi, a izi. Idan hannunsa ya gaji ya miƙo mini, idan abin ya fi ƙarfin zuciyata in miƙa masa (akwai wuraren da na buga da ido ɗaya a rufe, shi kuma ya yi kamar bai gani ba). Ranar da mai gyaran lantarkin ya fito daga otal, muka yi tafi kamar an ci kofi, shi yana buga hannun hagu a cinya. Rifkatu ta daɗe ba ta sake mini fuska ba, amma a hankali ta dawo tana zama tana kallo, daga nesa da wuyana.

Da kawunnaina suka zo daga gida neman aure, sun shirya doguwar magana, sun zaci tsohon soja zai wahalar da su. Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Na ba shi. A izi za mu yi masa komai, don mun ga yadda yake yi da had." Kawunnaina ba su gane ba, suka yi ta godiya. Mutanen gidan kuwa har da masu fita waje don dariya.

Tun daga nan na daina auna jarumtar mutum da maɓallin da ya danna, don ban san da wane hannu ya danna shi ba. Yanzu duk gem ɗin da ya ba ni zaɓi, izi nake sawa, a gaban kowa, ba kunya. Bakina ne kawai har yau ban gano inda ake sa shi a izi ba.