Rasuwar Danica, Wadda Ƙishirwa Ta Kashe a Bakin Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Jerko, jikan marigayi Prosper mai gyaran inji, nake sanar da mutanen tsibirinmu rasuwar jirgin ruwanmu Danica, tana da shekara saba'in da bakwai. Ban yi karatu mai zurfi ba, a yi haƙuri da rubutun.

An ƙera marigayiya don wani attajiri mai masana'antar kifin gwangwani. Tana da dardumai, da fitilun tagulla, har da abin kiɗan nan fiyano. Da yaƙi ya zo sojojin ruwa suka karɓe ta, suka shafa mata fenti ruwan toka, suka jefa fiyanon a teku suka kafa bindiga a gurbinsa. Ba ta yi ƙorafi ba. Sau talatin da ɗaya ta tsallaka da masu rauni da mata da yara zuwa Italiya, Kaka Prosper yana ƙasa yana lallashin inji, ita kuma tana cewa tuf, tuf, tuf, a hankali kamar mai gudun tada jariri. Attajirin bai dawo ba, sai ta zauna a hannun Kaka, daga baya ta zo hannuna.

Ta bar ni, da ƙararrawarta, da mutum goma sha ɗaya a garin nan da ta ɗauka suna cikin zanen goyo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kawu Roko, shugaban kwamitin tashar jirage.

Ciwon ajali ya fara shekara uku da suka wuce, ranar da Kawu ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, tsohuwar nan ta gaji da ruwa. Mu hau da ita tudu, mu yi mata rumfa, ta zama gidan tarihi."

Na ce, "Kawu, katako fa in ya bar ruwa buɗewa yake."

"Ji yaro! Ni za ka koya wa jirgi? Wata biyu kawai."

Kafin sati ya zagayo an ba jiragen 'yan yawon buɗe ido wurin ɗaurinta. Rumfa ba ta zo ba. Kullum da safe ina ɗebo ruwan teku a bokiti ina watsa mata, rana tana shanyewa. A bazarar bana har hannuna yana shiga tsakanin haƙarƙarinta. Ranar Talata ƙashin bayanta, wato babban katakon ƙasanta, ya ce ƙiiiƙ, sau ɗaya, shi ke nan.

Na roƙa a ba ta wutar ranar Waliyyi Nikola, wadda ake ƙona tsohon jirgi a gaban coci don a nema wa sauran jirage tsari. Kawu ya ce, "Wutar nan ta jiragen masu ƙarnin kifi ce. Taka turare take yi."

Don haka jana'iza a inda take kwance za a yi, bayan rumbun ragar kamun kifi, washegarin bikin, da ƙarfe goma na safe. Babu fadan coci, babu fure. Mai zuwa ya riƙo busasshen icen zaitun ko guda ɗaya.

Jiya Kawu ya aiko a tambaye ni ko zan rage masa sitiyarinta, ya rataya a bangon gidan abincinsa. Kawu, daga sitiyarin zan fara kunna wutar. Amma ka zo. Na ajiye maka kujera a gaba, saboda gwiwarka ba ta son sanyi.