Silifas ɗin Zainabu

Ko tsufa ya cinye min haƙora, ba zan taɓa mantawa da ranar da uwar mijin ƙanwata ta fara taka gidanmu ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Sa'alaba, can ƙasar Larabawa, a hawa na biyu, zamanin kaset ɗin bidiyo. Maigida yana aiki a wani sito a Khumra, duk Alhamis sai ya shigo min da finafinan kunfu na 'yan Sin, irin masu ban dariyar nan da ake faɗa da benci da tsani da kwanon taliya. Ni ba mai fita ba ce, rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasa kuma kafin in haɗa baƙi biyu ya wuce. Amma ina da kunne. Duk wani "fuu!" na hannun riga da "tas!" na mari na haddace shi, ina fitar da shi da baki tamkar a cikin akwatin aka haife ni.

Maƙwabciyata Zainabu, 'yar Damagaram, ita ma cutar ta kama ta. Muka yi ta mayar da kaset baya har muka tsara namu faɗan. Idan na ji tahowarta sai in laɓe bayan ƙofa. Tana shigowa in kai mata matashi a ka, ta sunkuya, in juya in kai na biyu, ta tare, ta ɗaga ƙafa kamar ta haure ni, ni kuma in yi sama in faɗo in mirgina. (Matan aure fa, da 'ya'ya. Allah Ya shirye mu.) Ban taɓa kuskuren gane ta ba, domin silifas ɗinta na hagu yana wani kuka, "ƙiii", kamar ɗan tsako.

To, ƙanwata Rabi da ke zaune a wurina ta samu wanda take so, yana son ta. Abin da ya rage shi ne mahaifiyarsa, Hajiya Ummu ta unguwar Aziziyya, ta zo ta ga irin gidan da yarinya ta fito. An ce mace ce da ko dariya sai ta auna. Aka sa bayan la'asar.

"Yaya, don girman Allah," in ji Rabi tun da safe, "yau ɗaya ki zama mutum."

Na ce halas, shi ke nan, na zama. Na turara falo, na dafa gahawa, na aiki Zainabu ta aro mana finjalai masu bakin zinariya.

Ana cikin kiran sallah sai na ji "ƙiii, ƙiii" a matakala. Zuciyata ta ce, ai baƙuwa sai an idar, yi ɗaya tak ki warware jiki. Na suri matashi na laɓe.

Baƙar abaya ta shigo, fuska a rufe. Na daka tsalle na ce "Hayyaa!" na sauke matashi.

Ba ta sunkuya ba.

Ya kamata in tsaya a nan, ko? Jiki ya riga ya haddace. Na juya "fuu!" na ƙara mata na biyu a kafaɗa. Sannan, ba tare da kowa ya taɓa ni ba, na yi ihu na riƙe ciki na yi baya, na mirgina a kan kafet har sai da na daki ƙafar kujera. Daga kwancen na hango Zainabu a bakin ƙofa riƙe da tiren finjalai, ƙafarta ba takalmi, bakinta a buɗe.

Ashe Hajiya ta iso da wuri, ta tsaya alwala a famfon ƙasa, Zainabu ta ara mata silifas.

Ta ɗage niƙabi a hankali, gilashinta ya karkace zuwa kunne ɗaya. Ta dube ni a ƙasa ta ce, "Esh hada? Mene ne wannan? Ke kika buge ni, ke kuma kika faɗi?"

"Hajiya, ai... nan ne wurin da za ki haure ni."

Rabi ta fashe da kuka a kicin. Ni kuwa na tashi na zuba gahawa, ina ba da haƙuri da Hausa da Larabci, a raina na gama raba auren nan da matashi. Hajiya ta yi sallah, ta zauna, ta sha finjali ɗaya. Can ta sa aka kira Rabi.

"Ya binti, 'yata, ke ma kin iya wannan abin?"

"Wallahi Hajiya ban iya ba! Ban taɓa yi ba!"

"Khasara," in ji ta. "Ɗan nan nawa yana bukatar mai yi masa haka lokaci-lokaci." Sai kafaɗunta suka fara girgiza, ta yi ta dariya har da share hawaye da gefen mayafi.

An yi biki lafiya. Har yau idan za ta zo gidana, daga ƙasan bene take ɗaga murya: "Ni ce, Ummu! A ajiye makamai!"

Darasin da na ɗauka shi ne, faɗan fim rawa ce ta mutum biyu, wanda ake duka ma ya san inda zai sunkuya. Yanzu kafin in kai hari, sai na ce a ɗage niƙabi tukuna.