Ranar da Kofur Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu ta Umarari ba za su bar ni ba.

A shekarun da aka hana hawa babur a Maiduguri ne, lokacin da kowace kwana akwai shingen bincike. Ina koyarwa a wata firamare, shekaruna sun doshi hamsin, amma babu furfura ko ɗaya a kaina ko a gemuna. Duk wanda ya yi magana sai in shafa gemu in ce, "Gado ne, mu a gidanmu ba ma furfura da wuri." (Gadon nan a 'yar kwalba yake zuwa. Duk sati biyu nake dama shi a wani tsohon murfi, in kulle banɗaki in shafa. Matata Bintu kaɗai ta sani.)

Wata rana bayan ruwan sama na tsinci 'yar kyanwa a ƙofar wani gida da masu shi suka yi gudun hijira. Fara ce fat, ba ta fi tafin hannuna ba, tana ta rawar sanyi. Na kawo ta gida, na riƙa ba ta madara da sirinji kamar jaririya. Da ta yi ƙarfi sai ta koma zama a bakin zaure, duk mai shigowa sai ta shinshina ƙafarsa kafin ya wuce. Shi ya sa na sa mata suna Kofur.

Ranar Asabar ɗin da hantsi, na fito daga wanka na tarar da ita kwance a gindin randa. Kumfa na fita daga bakinta, tana ta kakarin amai, leɓenta da harshenta sun yi baƙi ƙirin. Nan take na yanke hukunci: guba ce, kuma na san mai ita.

Maƙwabcinmu Ba Modu dattijo ne mai sayar da gero da wake, ɗakin ajiyarsa yana jikin katangarmu, kuma kowa ya san yana zuba maganin ɓera. Bintu ta riƙo hannun rigata ta ce, "Malam, tsaya in gaya maka wani abu." Na ce ba lokacin surutu ba ne. Na naɗe Kofur a tawul na fita.

Na sami Ba Modu a majalisa ƙarƙashin dalbejiya tare da dattawa huɗu. Ya ɗago ya ce, "Wushe, Malam." Ko gaisuwar ban amsa ba. Na buɗe tawul a gabansu na ce, "Ba Modu, dubi aikin gubarka. Yau kyanwa ce, gobe ɗan wani ne." Na yi jawabi mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabtaka, har da ɗaga yatsa kamar ina gaban 'yan aji uku.

A shekarun nan ba a wasa da nuna mutum da yatsa. Kalma ɗaya ta zargi ta isa ta sa a zo a tafi da magidanci, ba a sake jin labarinsa ba. Ni na san haka, amma bakina ya riga hankalina.

Ba Modu ya daɗe yana kallon kyanwar, sannan ya jawo takalmansa. "Rai ne a hannunka, Malam," in ji shi. "Mu fara kai ta wurin magani. Faɗan ba zai gudu ba."

Muka tari keke mai ƙafa uku. A shingen farko aka ce kowa ya sauka ya ɗaga riga. Wani matashi ɗan sa-kai mai gora ya hango ƙunshi a ƙirjina yana motsi, ya ja da baya ya ce in ajiye a ƙasa in buɗe a hankali. Fasinjojin da ke bayanmu tuni sun ruga sun yi nisa, sun ɗauka bam ne. Na buɗe, Kofur ta ɗago kai ta yi wani siririn kuka. Matashin ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Baba, Allah ya ba ta lafiya, ku wuce." (Wannan ma kaɗai ya isa kunyar rana guda. Ashe somin taɓi ne.)

Kusa da kasuwa akwai shagon Madam Ngozi mai sayar da maganin dabbobi. Ta karanci aikin, ta fi shekara ashirin a garin, duk tashin hankalin nan bai sa ta koma gida ba. Shagon cike yake da masu kaji da masu awaki. Na kutsa ina cewa a ba ni hanya, guba aka ba kyanwata. Na kuma tabbatar kowa ya ji maganin ɓeran wa nake nufi.

Madam ta kwantar da Kofur a kan tebur, ta buɗe bakinta, ta duba dasashinta. Ta tambaya ko na ba ta wani abu. Na ce na so in ɗura mata manja, ban samu ba. Ta ce gara da ban samu ba, da ya shaƙe ta. Sai ta jiƙa auduga ta goge leɓen. Audugar ta yi baƙi. Ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Wannan ba maganin ɓera ba ne," in ji ta. "Shi ba ya rina baki. Malam, wa ke rina gashi a gidanka?"

Na ce babu kowa. Na ƙara da cewa wataƙila lallen mata ne.

"Lalle ba ya wannan warin."

A lokacin na tuna murfin. Da safe na yi aikina a banɗaki, aka buga ƙofar gida, na tura shi bayan bokiti da sauran haɗin a ciki, ban koma ta kansa ba. Abin da Bintu ke son gaya min ke nan.

Shagon kwano ne, ga rana, ga tafiyar da muka sha. Na ji gumi yana gangarowa daga gemuna. Madam ta ciro sabuwar auduga ta miƙo min, ta nuna wuyan rigata. Farar shadda ce. Layi biyu baƙaƙe sun sauko har kan aljihu.

Wata tsohuwa mai riƙe da zakara ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Ba Modu bai yi dariya ba. Ya dai matso ya leƙa gemuna sosai, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe gadon ne ya zuba."

Madam ta wanke bakin Kofur, ta ɗura mata wani baƙin ruwan gawayi na magani, ta yi mata allura. Ta ce kaɗan ta lasa, ɗacin ne ya kawo kumfar, amma da ta shanye da sai dai haƙuri. Kwana uku ina ba ta ruwa da cokali, ina ɗumama mata tawul, ina tashi duba numfashinta. Ran na huɗu ta koma bakin zaure. Sai dai gashin bakinta da ƙafarta ɗaya sun fi wata guda baƙi, tana yawo da su gida-gida, duk inda ta shiga sai an tuna da ni.

Na sayi goro na je majalisa, a gaban dattawan da na yi wa jawabi na durƙusa na ba Ba Modu haƙuri. Ya ce ya yafe, amma in riƙa tauna magana, don zamanin ba na zargi ba ne. Da zan tafi ya rako ni har bakin lungu, ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Malam, abin nan, yana kama gemun da ya riga ya yi fari gaba ɗaya?"

Na ba shi sauran kwalbar. Ni dai tun ranar na bar furfurata ta fito yadda ta ga dama. Kuma na koyi cewa idan matarka ta riƙe maka riga ta ce tsaya in gaya maka wani abu, to ka tsaya.