Lambun da Kaka Ta Dasa a Ɗakin Kwana

"Lafiya ƙalau na kwana, har sai da na ga ƙeyarka," in ji Kaka tana riƙe da ƙyauren ƙofa. "Wa ya mutu da ka yi mini sammako haka?"

"Ba wanda ya mutu, amarya. Miji ya zo duba iyalinsa, shi ne laifi?"

"Miji! Mijin da ko allura bai taɓa saya mini ba. Wuce falo ka zauna, kada ka tattake mini gida da ƙafafun nan naka kamar cebur."

Jikanta ne mai shagon aski a bakin titi, ɗan babban ɗanta. Tun yana rarrafe take kiransa Maigida, shi kuma yana ce mata amarya, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi wa juna tsiya ba. Sai dai yau bakin Kaka ne kawai ke wasa. Jiya da yamma an tafka ruwan farko na damina, kuma ta san wanda ya turo yaron nan. Ɗanta ya daɗe yana cewa rufin gidan ya ci zamaninsa, ranar da ya tabbatar yana yoyo zai zo da mota ya kwashe ta zuwa gidansa. Ita kuwa a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta yi jinyar mahaifinsu har ya cika. Ba ta son barin gidan, ko da wasa.

Maigida bai nufi falo ba. Ya miƙe sai ɗakin kwana. Kaka ta yi wuf ta sha gabansa, ta ware hannuwa a bakin ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Ɗakin matata."

"A kulle yake."

"Labule ne fa, Kaka."

"To labulen a kulle yake."

Ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hammatarta ya shige. Yana ɗagowa ya yi turus.

Ɗakin ya koma lambu. Ga tukunyar shuka a tsakiyar daɓe, daidai inda mutum zai yi tuntuɓe da ita. Ga wata a kan keken ɗinki, wata a gindin gado, wata can a saman kabad tana leƙen jama'a. Gadon ma an ja shi ya tsaya a karkace, kansa a lungu, ƙafarsa tana kallon taga.

Dabarar Kaka ce, kuma tana alfahari da ita a ranta. Bara da yoyo ya fara, bokiti ta riƙa tarawa kamar kowa. To amma ɗanta ya ɗauki wata mugunyar ɗabi'a: da zarar an fara ruwa sai ya bugo waya, wai gaisuwa, alhali kunne ya kasa yana sauraron ɗigar ruwa a roba. Bokiti kuwa ba ya rufa asiri. Sai ta gano cewa ƙasa tana shanye ɗigo shiru, ba ta gaya wa kowa. Tun daga nan duk inda rufi ya ɓule, sai ta kai masa tukunya ta dasa ganye.

"Ikon Allah," in ji Maigida. "Yaushe na auri manomiya ban sani ba?"

"Likita ne ya ce in riƙa shaƙar iskar ganye."

"Wane likitan?"

"Wanda ya ce kai kuma gashin kanka ba zai dawo ba har abada."

Ya shafa sanƙonsa. "Wannan ai tsabar ilimi ne ya cinye shi."

"Ilimin almakashi? Mai aski guda, kansa kamar bayan cokali. Kai da naka rufin ya yaye tun kana saurayi, kai ne za ka zo duba na wasu?"

"Au, ashe kin san rufi na zo dubawa. Ni ban ce ba."

Kaka ta ciji leɓe. Bakinta ya riga ta.

Ya tsaya a kan tukunyar tsakiyar ɗaki, ya ɗaga kai sama a hankali. Daidai saitinta, silin ya yi wani zagayayyen tabo ruwan ƙasa. Ya matsa wajen ta kan keken ɗinki, ya sake ɗaga kai. Wani tabon. Ya je gindin gado. Wani kuma, har da baƙin funfuna a gefensa.

"Amarya, me ya sa kowace shuka take da nata hadarin a sama?"

"Ado ne. Haka masu fenti suke yi yanzu. Kai ina ka san ado, mutumin da ke saka riga ɗaya daga juma'a zuwa juma'a."

"Wannan warin danshin fa?"

"Takalminka ne. Tun da ka shigo nake daurewa."

Ya dangwali wani gari mai laushi da ya taru a bakin taga, ya murza a yatsa. "Wannan kuma? Gara ce ke cin katakon sama tana zubo miki da saura."

"Hodata ce."

"Hoda? Wa kike yi wa kwalliya?"

"Manema. Kana tsammanin kai kaɗai ne? Akwai wani mai gashi har wuya, yana nan yana jiran in sallame ka."

"To ki gaya masa ya zo da laima. Na kuma ga duwatsu da tsohuwar taya a kan kwano tun daga bakin titi."

"Ajiya ce."

"Ba iska ce ke ɗaga fallen ba, kika sa aka danne?"

"Kai dai ka cika sa ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na ce nawa ba ya yi."

"Ai kuwa kin sani, tunda kin yi wa kowane wuri alama da tukunya."

Ya ja labulen taga ya saki na ƙofa, ɗakin ya yi duhu. A kusurwar da wani allon silin ya zame, sai ga ƙananan ɗigon haske birjik suna leƙowa ta cikin kwano, duk inda tsatsa ta ci bakin ƙusa.

"Kaka, zo ki ga taurari da rana tsaka."

"Fitila ce ta kyauta. Baƙin ciki kake yi?"

Ya buɗe taga yana dariya, sai idonsa ya faɗa kan tukunyar saman kabad. Ganyenta ya fi na kowace kore. Ya dubi tsawon kabad ɗin, ya dubi Kaka wadda ko hannun ƙofarsa sai ta yi ɗage take kamawa.

"Waccan wa yake ba ta ruwa?"

"Ni mana."

"Da wane tsanin?"

Ta kau da kai tana kallon taga.

"To wa ya ɗora ta can?"

"Kujerar keken ɗinki na taka," in ji ta, tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi kujerar, ƙafarta ɗaya ɗaure da tsumma, ya dubi daɓen siminti. Kaka ta ga tsoro a idonsa, kuma abin ya taɓa ta fiye da duk tsiyar da ya yi mata tun safe. Don kada ya ce wani abu mai nauyi, sai ta riga shi.

"Kada ka yi mini kuka a ɗaki. Danshin da ke nan ya isa."

"Au, akwai danshi kenan?"

"Na takalminka!"

Ya kaɗa kai, ya ɗauki sandarta da ke jingine da gado. A saman inda gadon yake a da, silin ya lotso ƙasa ya yi tumbi.

"Wannan fa, shi ma ado ne?"

"Ƙiba ce. Gidan da ake ci a ƙoshi, har silin sai ya nuna. Ajiye mini sandata."

"Taɓawa kawai zan yi."

"Maigida, na ce ka bari. Abin da babba ya hango..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ɗan zunguri tumbin da kan sanda. Allon ya ɓarke kamar jiƙaƙƙen biredi, ruwan jiya da ya kwana a ciki ya kwararo gaba ɗaya a kan sanƙonsa, da ruɓaɓɓen katako, da kashin ɓera, da wata tsohuwar sheƙar tsuntsu da ta zauna masa daram a ka.

Kaka ta faɗa kan gado tana dariya har da riƙe ciki. "Alhamdu lillahi! Gashi ya fito! Likita ya yi ƙarya!"

"Kaka, ruwan nan wari yake yi!"

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Tsaya, kada ka cire, bari in kira maneman nan su ga ka fi su."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo. Da ta share su, sai ta ɗaga kai ta ga ramin. Ta cikinsa ana hango katakon da ke riƙe da kwano, baƙi ƙirin, ya rube har ya tsage a tsakiya. A ƙarƙashin wannan katakon ta yi ta kwana har farkon bara. Hawayen suka ci gaba da zuwa, amma dariyar ta tsaya.

Maigida ya cire sheƙar daga kansa ya zauna kusa da ita. "Kaka, wannan ya wuce faci. In da rami ɗaya ne ko biyu, da sai a liƙe. Amma kwano ya zama rariya, katako ya mutu. Iska mai ƙarfi ɗaya ta isa. Kin fi ni sani."

"Na sani," in ji ta a hankali. "Tun bara na sani."

"To me ya sa?"

"Ka tuna Maman 'Yan Biyu ta gidan can? 'Ya'yanta suka ce ta zo ta zauna wurinsu kafin a gama gyara. Kafin a gama. Yau gidan nata wani ne a ciki yana sayar da taya. Ita kuma tana can a bene, ba ta san kowa ba, sai kallon titi ta taga. In aka yaye rufin nan, ubanka zai ce in zo kafin a gama. Tsohuwar da ta fita kafin a gama ba ta dawowa, Maigida. Na fi son ruwa ya dake ni a ɗakina."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta yana goge ta da gefen riga, Kaka ta ga sunan da ya fito. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe.

"Salamu alaikum, Baba. Eh, ina gidan." Ya saurara. "Gaskiya rufi ya gama, Baba. Ba na gyara ba ne, sai dai sabo, har da katako. Kuma ba zai kai tsakiyar damina ba."

Kaka ta saki rigar. Ta juya fuskarta bango.

"A'a, Baba, kada ka turo mota. Ba inda za ta." Ya miƙe tsaye, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. "Ɗaki ɗaki za a yi. Haka aka yi mini a shago, ana yaye gefe ina aski a gefe. A fara da nata, ta koma falo, in an gama ta dawo. A'a, ba ita kaɗai ba. Yau zan kwaso kayana in tare a nan har a buga ƙusar ƙarshe, in ta kama ma in zarce." Ya sake saurara, ya murtuke fuska. "Haba Baba, da girmanka. Ka taɓa jin inda aka raba miji da mata saboda kwano? In ka ɗauke ta, ƙararka zan kai."

Har daga inda take zaune Kaka ta jiyo dariyar ɗanta a cikin wayar. Aka ɗan ƙara magana, Maigida yana ta "to, to, in sha Allahu," sannan ya kashe.

"Ya ce in nemo kafinta yau. Ya kuma ce in gaya miki kin fi ƙarfinsa."

Kaka ba ta juyo nan da nan ba. Sai da ta gama da fuskarta da bakin zane, sannan ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya gayyace ka gidana? Kai da cinka ya fi na gara."

"Ai gara ta gama da sama, ni ƙasa zan kama."

"Kuma an ce kana munshari."

"Sharrin manema ne."

Ta tura hannu ƙarƙashin katifa ta daɗe tana lalube, ta fito da wani ɗan mabuɗi ɗaure da zare. Na ɗakin gaba ne, ɗakin kakansa, wanda ba ta bar kowa ya kwana a ciki ba tun ranar da aka fita da shi. Maigida ya gane shi. Ya tsaya bai miƙa hannu ba.

"Karɓi mana, hannuna ya gaji," in ji ta. Ta danƙa masa a tafi, ta rufe yatsunsa a kai da hannuwanta biyu, tana dariya ido jiƙe. "Na farkon ya fi ka kyau nesa ba kusa ba. Amma ya zan yi, kai ne ka rage mini. Tashi ka nemo kafintan."